Shekarar da na sauko da Idi daga sama

Hauwa, ke kika jawo wannan babin. Ranar da kika dawo daga gidan suna a unguwar Bolewa idonki jawur, kika ce wata tsohuwa ta nuna ki da baki ta ce ga 'yar wanda ya sauko da Idi daga sama, na ce miki ki share, surutun mata ne. Ba surutun mata ba ne. Maza sun riga su faɗa, a majalisa da ƙofar masallaci da kasuwar shanu, a gabana ne kawai suke yin shiru. Ke da Sadiƙu kun taso kuna wuce ƙofar gidan bappanku Maina kamar gidan baƙi, ba wanda ya taɓa zaunar da ku ya gaya muku dalili. Na ga gara ku ji daga bakina tun ina da bakin, don in na mutu, labarin tsohuwar nan kaɗai zai rage.

Kun san na yi aiki da sojan sama, kun kuma san ko jirgin leda ban taɓa tuƙawa ba. Sadiƙu yana yaro har kunya yake ji idan abokansa suka tambaye shi wane irin jirgi babansa yake ja. Da aikin jinya na shiga, daga baya aka tura ni kos, da na dawo aka ɗora ni a kan wani ɗakin ƙarfe da muke kira tanki, don ba shi da maraba da tankin motar mai, sai dai shi akwai benci a ciki da tagogin gilashi masu kauri. Amfaninsa kuwa shi ne, can sama sosai iska ba ta da auki. Mutum zai shaƙa ƙirjinsa ya cika, amma abin da jini yake nema a cikinta, wato oksijin, ya yi kaɗan. Shi ya sa matuƙin jirgin yaƙi yake ɗaure da takunkumi mai tiyo yana shan iskar kwalba. To tiyo yana iya kwancewa, kwalba tana iya yoyo, kuma mugun abin shi ne rashin iskar nan ba ya zuwa da ciwo. Ba ka jin an shaƙe ka. Hankalinka ne yake zarewa a hankali kana nan zaune kana ganin komai daidai, har hannu ya saki sitiyari. Tsakanin yankewar iskar da gushewar hankali bai fi lokacin da mutum zai yi alwala ba.

Amma Allah bai bar ɗan Adam haka ba. Kowa yana da alamarsa da take riga suma zuwa. Wani yatsunsa ne za su fara yi masa tsitsi, wani fuskarsa ta yi ɗumi, wani ganinsa ya tsuke kamar mai leƙe ta bututu, wani kuma dariya ce za ta kama shi ba dalili. Alamar mutum ba ta cika canjawa ba. Aikina kenan, in haɗa mutum da alamarsa a ƙasa, kamar yadda ake nuna wa baƙo fuskar ɓarawon unguwa, don ya shaida ta in ta zo masa a sama shi kaɗai. Mukan shigar da su tanki, inji ya zuƙe iska har cikin ya koma kamar saman gajimare, sai mu ce su cire takunkumi. Mu miƙa wa kowa akwatin wasan yara mai ramuka, ya riƙa zura 'yan katakai, mai zagaye a ramin zagaye, mai kusurwa a na kusurwa. Doka ɗaya ce. Da ka ji wani abu ya canja a jikinka, ka faɗa da ƙarfi, ka mayar da takunkumi da hannunka. Ba a neman wanda ya fi daɗewa. Wanda ya yi saurin cewa ba shi da lafiya, shi ne gwani.

Nan ne kuwa gizo yake saƙar, don mu gidanmu ba a cewa ba a da lafiya. Innarmu ko ta kasa ɗaga kai daga tabarma, ka tambaye ta za ta ce da sauƙi. Yaya Maina ya gaje ta har ya zarce. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya tsaya na yi boko yana fama da dillancin shanu, kuma ban taɓa jin ya ce wash ba. Idi ɗansa ne na fari, saboda haka ko sunansa ba ya kamawa, sai dai ya ce yaron nan. Ni ne mai kiran sunansa, ni nake goya shi a keke zuwa gonarmu ta Mamudo, ni na saya masa takalmin makaranta na farko. Ina tuna wata damina fartanya ta sare shi a ƙafa, ya tsuke wurin da tsumma ya ci gaba da noma, ba mu sani ba sai da yamma da muka ga sawunsa da jini. Ni na yi faɗa. Yaya kuwa ya dubi raunin, ya kawar da kai, ya ce da Inna a ƙara wa yaron nan nama a miya. Iyakar yabon da Idi ya taɓa samu daga ubansa kenan, kuma ya riƙe shi da kyau.

Da Idi ya samu shiga koyon tuƙin jirgi, ba da hannuna ba, ƙwaƙwalwarsa ce ta kai shi. Yaro ne mai kai, ga natsuwa, malamansa suna yabonsa har ina jin kunya. Shekarar da nake ba ku labari aka ware shi cikin 'yan ƙalilan da za a tura waje su koyi jirgin yaƙi. Labari ya iso Potiskum, Yaya ya kayar da sa a ƙofar gida, aka yi walima, aka ci har 'yan Mamudo. Duk da haka ko sau ɗaya bai ce don me ya yi yankan ba. In an yi masa murna sai ya ce sadaka ce kawai. Inna kuwa ta riƙo hannuna a zaure, da Hausarta mai gauraye da Ngizimanci, ta ce,

"Usmanu, ga shi nan a hannunka. Sama ba ta da reshen kamawa. Ka duba mini shi."

Na ce mata to. Abin da ya rage musu kafin tafiya shi ne su bi ta tankina.

Ranar da suka shiga ni ne a ciki tare da su, da nawa takunkumin a fuska. Aka zuƙe iska, na ba da umarni suka cire. Ba a jima ba na kusa da ƙofa ya ce yatsunsa, ya mayar. Na gefensa ya fashe da dariya, ya gane, ya mayar. Ɗaya bayan ɗaya duk suka rufe fuska, saura Idi. Na matsa gabansa. Leɓɓansa sun yi duhu, farcensa ya koma shuɗi, yana riƙe da katako mai kusurwa yana ta dannawa a ramin zagaye, yana murmushi irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Na ce,

"Me kake ji?"

"Lafiya lau."

"Mayar da takunkuminka."

"Lafiya lau nake, Bappa. Bari in gama."

A bariki bai taɓa ce mini Bappa ba, Oga yake cewa kamar kowa. Da na ji haka na san ba ya tare da mu. Na sake ba shi umarni, ya dube ni da fara'a, kansa ya langaɓe. Ni na ɗaura masa takunkumin. Yana shaƙa ya farfaɗo, ya ɗauki katakonsa zai ci gaba, bai ma san an yi komai ba.

Wannan bai tayar mini da hankali sosai ba. Yakan faru, kuma don haka aka gina tankin. Yawanci in an fito, abokai suka kwaikwayi mutum, aka yi masa tsiya, sai ya yi dariya ya ce ashe ɗumin nan da na ji shi ne. Daga nan ya koya. Da muka zauna na tambayi Idi abin da ya ji kafin ya tafi, sai ya miƙe ƙafa ya ce bai ji komai ba, kuma bai suma ba, ni ne na yi gaggawa. Abokansa suka rantse masa, ya ce wasa suke yi. Na ja shi gefe na ce ya manta da Mamudo, nan raki ake so. Ya ce to, Oga. Na ga idonsa, na san maganar ba ta shiga ba.

Na ce wataƙila kunyata yake ji, yaro ba ya son nuna gazawa gaban ƙanin ubansa. Sai na roƙi likitanmu, Dokta Bitrus, a sake saka shi, amma abokin aikina Saje Emmanuel ya shiga da shi, ni in tsaya a waje wurin inji. Haka aka yi. Ina kallo ta taga. Abin da ya faru da farko shi ya sake faruwa, murmushin nan, katakon nan, hannayensa biyu a kan akwati. Sai na ga Emmanuel ya juya bayansa ga tagar da likita yake, ya kama hannun Idi ya ɗora a kan takunkumi, ya danna masa a fuska. Daga inda likita yake tsaye, kamar yaron ne ya kai hannu da kansa. Da suka fito Emmanuel ya dafa kafaɗata, ya yi ƙasa da murya ya ce,

"Oga, yaronka ya wuce. Kar ka damu. Kai ma ka taɓa taimakona."

Ba mugunta ya yi ba, ku fahimce ni. Alfarma ya yi mini, irin wadda kowa yake yi wa ɗan abokin aikinsa, kuma yana jiran godiya. Ba wanda ya gani sai ni. In na yi shiru, Idi ya tafi waje, Yaya ya samu matuƙi, ni kuma ban yi ƙarya ko ɗaya da bakina ba.

Na koma gida cin abincin rana na kasa ci. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, lokacin tana goyon Sadiƙu, ta sa ni gaba sai da na gaya mata. Ta daɗe tana juya cokali a kwano, sannan ta ce,

"Malam, ba kai ka shiga da shi ba. Ka bar maganar inda take."

"In iska ta yanke masa a sama fa? Shi kaɗai ne a jirgin, ba Emmanuel."

"Sau nawa take yankewa?"

"Ba kasafai ba."

"To ka ji. In ya faɗo, ƙaddara za a ce. In ka hana shi, kai za a ce."

Ban taɓa jin magana mai gaskiya da ɗaci irin wannan ba, kuma duk abin da ta faɗa haka ya kasance. Na ji haushinta a ranar, na fita ban yi mata sallama ba. Amma ina tafe ina ganin murmushin nan. Na san yadda irin wannan mutuwa take. Jirgi yana tafiya sumul, ana kiran matuƙi a rediyo yana amsawa da fara'a, daga baya ya daina amsawa, jirgin ya yi ta tafiya har mai ya ƙare. Na tambayi kaina in aka kawo wa Inna akwati a rufe, da wane ido zan dube ta. Ban tsaya ko'ina ba sai ofishin Dokta Bitrus.

Ya saurare ni har na gama. Mutum ne mai sanyin hali. Ya cire tabarau ya ce,

"Usman, ka san abin da kake yi wa gidanku?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Ina iya cewa ni na gani, in cire sunanka."

"Ba ka gani ba. Kuma Emmanuel zai san wanda ya faɗa."

Aka sake gwada Idi, wannan karon likita da kansa a ciki. Bai canja ba. Aka yi masa gwaje-gwaje, jikinsa ƙalau, ƙarshe manya suka yanke cewa ba za a ba shi jirgin da zai hau can sama shi kaɗai ba. Ba korarsa aka yi ba, wannan ku riƙe shi da kyau, don a Bolewa cewa ake yi na sa an kore shi. An ba shi zaɓi, ko jirgi mai saukar ungulu da ba ya nisa da ƙasa, ko aikin hasumiya inda ake ba jirage hanya. Ya ƙi duka. An riga an yanka sa, an riga an ci, yaran unguwa sun riga sun fara kiransa da sunan jirgi. Ya ajiye kaki ya hau mota, ko gidana bai biyo ɗaukar jakarsa ba. Emmanuel kuma aka rage masa igiyar muƙami, bai ƙara gaishe ni ba har muka yi ritaya.

Da na samu hutu na taho Potiskum. Na tarar da Yaya a zaure yana gyara igiyar shanu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar yana amsa wa mai talla. Na fara bayani, iska, jini, alama, takunkumi. Ina magana ina jin yadda kalmomin suke zubewa a ƙasa, don a zauren nan iska ba ta taɓa yanke wa kowa ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce,

"An ce wani Kirista ya rufa masa asiri."

"Haka ne, Yaya."

"Bare ya rufa, kai ka tona."

"Ransa na duba."

"Ransa a hannunka yake? Kai ne mai rayawa?"

Ya ajiye igiyar, ya ci gaba,

"Yaro ya jure abin da sauran suka kasa jurewa, ka ce shi ne bai iya ba. Na ɗauke ka na kai ka boko don ka zo ka gaya mini jarunta ciwo ce. Ka ga zai wuce ka, kana share ɗakin ƙarfe shi yana sama. Usmanu, ka kashe mini Idrisa."

Tun da aka haifi yaron ban taɓa jin sunansa a bakin Yaya ba sai ranar. Na tashi na shiga wurin Inna. Ita ba ta zage ni ba. Ta ce ba ta gane komai a zancen iskar nan ba, amma dama cewa ta yi in duba mata shi, kuma ga shi tana ganinsa da ido kullum, to ita ba ta da ta cewa. Sai dai ta roƙe ni in rage zuwa gidan har zuciyar yayana ta huce. Zuciyar ba ta huce ba. Inna ta rasu, muka yi zaman makoki a tabarma ɗaya ba mu dubi juna ba. Da ciwon ajali ya kama Yaya na zo, aka ce mini yana barci, alhali ina jin tarinsa daga zaure. Ya bar wasiyya kada in shiga wankansa. A sahun baya na sallace shi, mutumin da ya yi mini uba.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai, kuma ba zan ɓoye muku ba don in gyara labarina. Abokan Idi da suka tafi waje sun dawo, sun yi ta tashi, wasu sun zama manya ana nuna su a talabijin. Iyakar sanina babu ɗaya a cikinsu da iska ta taɓa yanke wa a sama. Ko ɗaya. Wato da na yi shiru, mai yiwuwa da Idi ya gama aikinsa lafiya, ya yi ritaya da tauraro a kafaɗa, Yaya ya mutu yana sa mini albarka. Ba ni da gawar da zan nuna in ce kun gani. Abin da nake da shi kawai mutum ne mai rai, wanda ya yi shekaru yana jan tirela tsakanin Potiskum da kudu, yanzu yana zaune a garejinsa a hanyar Kano, ya yi furfura tun kafin lokacinsa, ba ya dariya, in jirgi ya wuce ba ya ɗaga kai. Ban yi nadama ba, in aka mayar da ni ofishin nan abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Amma rashin nadama bai taɓa sa na ji daɗi ba.

Bara da mahaifiyarku ta rasu, kuna cikin gida da mata ba ku gani ba, Idi ya zo ta'aziyya. Ya bari sai da jama'a suka ragu bayan la'asar, ya zauna a bakin tabarma, ya yi addu'a, muka shafa. Na zaci zai tashi. Sai ya ce, yana kallon ƙasa,

"Bappa, tambaya ɗaya nake da ita. Ka tabbata da ka bar ni na hau sama, da na mutu?"

"Ban tabbata ba."

Ya gyaɗa kai, kamar dama amsar da yake jira kenan. Na ga dama ta samu, na ce bari in gwada karo na ƙarshe, ko yanzu da girma ya zo zai tuna. Na ce,

"Idi, don Allah, a tankin nan, kafin komai ya ɗauke, ba abin da ka ji? Ko ɗan ɗumi, ko nauyin kai?"

Sai na ga fuskarsa ta saki.

"Daɗi na ji, Bappa. Kamar an sauke mini kaya. Ba tsoron Baba, ba tsoron faɗuwa jarrabawa, komai ya yi daidai. Wallahi tun da nake ban taɓa jin lafiya irin ta ranar ba, kuma har yau ban sake ji ba."

"To ai ita ce, ɗana. Ita ce alamarka. Ita na yi ta nema ka faɗa."

Ya dube ni, fuskar ta koma yadda take.

"Wannan ba ciwo ba ne, Bappa. Ta yaya mutum zai ji daɗi ya ce a cece shi?"

Ya sa takalminsa, ya ce Allah ya ƙara haƙuri, ya tsayar da adaidaita ya tafi. Na koyar da matuƙa masu yawa su gane alamarsu, wasu har yau in mun haɗu suna tsayawa su gaishe ni. Shi kaɗai na kasa, kuma shi kaɗai ne nawa.

Saboda haka in kun gamu da yayanku Idi a hanya, ku gaishe shi, ko ya amsa ko bai amsa ba. Kada ku yi masa gardama a kaina, kada ku ce masa babanmu ne ya ceci ranka, don ni kaina ban san haka ba. Ranar da aka fito da ni, in ya zo, ku ba shi wuri ya kama makara. In bai zo ba, kada ku aika a kira shi.